Rumbu dabam, rumfa dabam: ina bayanan kasuwancinka suke kwana?



Yau maganar ta 'yan kasuwa ce, manya da ƙanana, da ƙungiyoyin manoma da na mata masu sana'a. Ga tambaya, kowa ya amsa a ransa: in wayarka ta faɗa ruwa yau da dare, ko ka wayi gari an sace maka shafinka na Facebook, me zai rage maka na bayanin kasuwancinka? Hotunan kaya, farashin kowane abu, lambobin masu saye, wanda ya biya da wanda kake bi bashi. Ga mafi yawanmu, ba abin da zai rage sai ɗan abin da ke cikin kai. Mutum ya shekara biyar yana tara abokan ciniki, rana ɗaya ya koma kamar yau ya fara.

Yanzu samarinmu masu ilimin kwamfuta sun fara zagayawa wurin 'yan kasuwa da ƙungiyoyi: "Alhaji, a yi maka shafin intanet mana, duniya ta san kayanka." Ban ƙi ba, abu ne mai kyau. Amma kafin a biya ko dala ɗaya, akwai abin da ya kamata a fahimta, don shafi suna ya tara. Ra'ayina a taƙaice shi ne: bayanan su ne dukiyar, shafi kuwa rumfa ce kawai. Wanda zai kashe kuɗi, ya fara kashe su a kan rumbun da zai ajiye bayanansa, rumbun da makullinsa ke hannunsa. Bayan nan a kafa rumfa ko nawa ake so.

Rumbu da rumfa

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mai hatsi ba ya tara duk abin da ya mallaka a rumfar kasuwa. Hatsi yana rumbu ko sito, rumfa kuwa wurin nuna wa mai saye ne. Yana iya kafa rumfa a kasuwar Matameye, ya kafa wata a Kantche, ya auna wa yaronsa tiya ashirin ya kai kasuwar ƙauye, duk daga rumbu ɗaya. In iskar damina ta kwashe rumfa, asarar zana ce da itace, gero yana nan.

To haka abin yake a intanet. Kowane shafi sashi biyu gare shi. Akwai ciki, inda ake zuba rubutu da hotuna da farashi, kuma manhajar da ke kula da wannan ita ce masu sana'ar suke kira CMS. Akwai waje, wato fuskar da mai saye yake gani a wayarsa. A tsarin da aka saba, ciki da waje a manne suke. Wanda ya fi shahara shi ne WordPress, da ya fito a 2003, kuma yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da shi aka gina su. Ka rubuta abu, shi zai ajiye, shi zai yi masa ado, shi zai nuna wa jama'a. Sauƙin nan ne ya sa ya karɓu. Illarsa ita ce, abin da ka rubuta an ɗinka shi ne daidai jikin shafin nan guda. Ranar da kake son bayanin ya fita ta wata ƙofa, sai an zauna an sake kwafe shi da hannu.

Ɗaya tsarin shi ake ce wa CMS marar kai. Sunan ba daɗin ji a Hausa, don mu in aka ce abu ba shi da kai, to ba yabonsa aka yi ba. Amma kan da ake nufi a nan shi ne fuskar shafi. An cire ta, an bar rumbu zalla. A cikinsa kowane kaya yana da gurabensa. A ce ƙungiyar mata ce masu man gyaɗa: gurbin suna, gurbin ma'auni, lita ce ko jarka, gurbin farashi, gurbin yawan abin da ya rage, gurbin hoto, gurbin ranar da aka sabunta. Babu launi, babu ado. Sai a buɗe wa rumbun wata taga da ake kira API. Aikinta irin na yaron shago ne: duk manhajar da aka ba izini ta zo ta ce "ba ni farashin jarkar mai na yau", ya ɗauko ya miƙa mata. Shafin intanet ya tambaya, ya nuna. Manhajar waya ta tambaya, ta nuna. Na'urar tura SMS ta tambaya, ta tura. Har takardar da za a buga a manna a ƙofar sito, da wadda za a kai wa mai sanarwa a gidan rediyo ya karanta, duk daga wuri ɗaya suke fitowa. In an gyara farashi a rumbu, ya gyaru a ko'ina.

Ku masu sauraron rediyo za ku fi kowa saurin gane wannan, don ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yayata tsarin gidan rediyo ne. A 2009 wani ma'aikacin NPR ta Amurka mai suna Daniel Jacobson ya bayyana yadda suke aiki: a rubuta labari sau ɗaya, a ajiye shi a rumbu, sannan shafinsu da manhajojin waya da tashoshin da ke hulɗa da su kowa ya ɗiba ya nuna yadda ya dace da shi. A nan gida ma muna da mai kama da haka ta fuskar tunani. Studio Kalangou da ke Yamai tun 2016 yana haɗa shiri a wuri ɗaya cikin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Faransanci, sai gidajen rediyo na jihohi su ɗauka su watsa. Ɗakin labarai ɗaya, bakuna da yawa.

Me ya sa abin ya shafe mu musamman?

Na farko, mu mutanen iyaka ne, kuɗi biyu muke ci da su. Hanyar da ta ratsa Matameye ita ce ta sauka Dan Barto ta shiga ƙasar Daura, kuma ba yau aka fara kai rake da wake da dabbobi can, a dawo da kayan Kano ba. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, Yuro ɗaya 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Duk mai ciniki da 'yan Najeriya ya san abin da wannan ya jawo: farashin safe ba shi ne na yamma ba. Yanzu ka ɗauki mai kanti da kaya kala tamanin, ya rubuta farashinsu a Facebook, ya rubuta a WhatsApp, ya rubuta a shafi. Canji ya motsa. Yaushe zai bi wuri uku yana gyara lissafi tamanin? Ba zai gyara ba. Sai mai saye ya taso daga Daura da hoton farashin watan jiya a wayarsa, a tsaya ana "ai kai ka rubuta", "ai an daɗe da canzawa". Ciniki ya lalace, mutunci ya taɓu. A rumbun da muke magana, farashi yana nan da sefa, canjin yau yana gurbi ɗaya. Ka gyara wannan gurbin da safe, na'ura ta lissafa nairar kowane kaya da kanta.

Na biyu, rumfunan da muke ciki duk na aro ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya wajen awa shida. A ƙarshen Fabrairun shekarar nan dai aka yanke intanet na wayar hannu a Nijar kusan kwana goma bayan zaɓe. A Najeriya an rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022, masu sayar da kaya ta can suka rasa kasuwarsu wata bakwai. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala. Wannan ke nan ban da abin da ke faruwa kullum: a kira mutum a yaudare shi ya faɗi lambobi shida da aka turo masa, kafin ya farga WhatsApp ɗinsa ya koma hannun ɓarawo, ana roƙon kuɗi da sunansa. Wanda bayanansa ke rumbun kansa, in aka rufe masa wata ƙofa sai ya buɗe wata. Ko ranar da babu intanet sam, SMS yana tafiya, rediyo yana magana, takarda tana manne a bango, matuƙar an ajiye kwafin bayanan a kwamfutar gida.

Iyakar kanta rufewa take. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan Yulin 2023 sai a Maris 2024 aka buɗe. Duk lokacin da haka ta faru, mai kaya dole ya juya fuska zuwa Damagaram, Agadas ko Yamai. Masu sayen can wasu Faransanci suke karantawa, da sefa suke lissafi, tambayarsu ta kuɗin mota dabam ce. In bayananka a tsare suke gurbi-gurbi, sabuwar fuska kawai za a ɗinka musu. Ba sai an sake ɗaukar hoto an sake rubuta komai daga farko ba.

Na uku, harshe da murya. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma na aiki. A kasuwa ma haka abin yake: mai saye na gida Hausa, ofis da ƙungiyoyin agaji Faransanci, kamfanin Kano ko Legas Ingilishi. A rumbu, kaya ɗaya yana iya samun suna da bayani cikin harshe uku, hoto da farashi kuwa guda ɗaya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne murya. Manyan da suka iya karatun boko a ƙasar nan ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, shi ya sa cinikinmu na WhatsApp yawancinsa saƙon murya ne. Cibiyar RECA ta zaurukan manoma ta gane haka tuntuni, shawarwarin noma da murya take tura su cikin Hausa da Zabarmanci. To murya ma gurbi ce kamar hoto. Hajiya shugabar ƙungiya ta ɗauki sakan talatin tana bayanin manta da ƙuli-ƙulinta, a ajiye a gurbinsa, duk fuskar da aka gina ta sa maɓallin da za a danna a saurara. Shafin da ba ya magana, a garin nan rabin jama'a ya bari a waje.

Na huɗu, rezo da forfe. Ko kana Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, ka san da ka bar gari kaɗan rezo sai a hankali. Starlink ya shigo a 2025, amma kuɗinsa ba na kowa ba ne. Shafi mai nauyi, wanda aka cika wa ado da hotuna manya-manya, kafin ya buɗe ya cinye wa mutum forfe, shi kuma ya rufe ya tafi. A tsarin da aka saba, sau da yawa sai mai saye ya danna sannan kwamfutar can take fara haɗa masa shafin. A tsarin rumbu ana iya dafa shafukan tun da wuri a ajiye su a shirye, marasa nauyi, hotuna an rage musu girma daidai ƙaramar waya. Mai saye ya danna, a miƙa masa. Ga mutumin da ke Tsawni ko Dungu da sanda ɗaya ta rezo, wannan shi ne bambancin ya ga kayanka ko bai gani ba.

Na biyar, tsaro. Yawancin kutsen da ake yi wa shafukan WordPress ta ƙananan manhajojin da ake liƙa masa ne ake shiga, musamman in an bar su ba a sabunta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu kuwa mun san halinmu: a gina abu a yi biki, ba mai sake waiwayarsa. In rumbu yana gefe guda a kulle, abin da jama'a ke gani kuma shafi ne kawai da aka riga aka dafa, ƙofofin da ɓarawo zai gwada sun ragu ƙwarai. Ban ce ba ya shiga ba. Na ce ya fi wahala.

Akwai riba ta shida wadda ba a ganinta sai an daɗe. Bayanin farashi kansa kuɗi ne. Wata mai bincike ta Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula ke shigowa, ta gano cewa zuwan waya ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance. Hukumar SIMA ma aikinta ke nan, tattara farashin kasuwanni a sanar da jama'a. Ƙungiyar da ke rubuta farashinta da cinikinta kowane mako a wuri ɗaya, bayan shekara biyu tana da tarihi: wane wata mai ke tsada, wane wata ya kamata a sayi gyaɗa a ajiye, nawa aka sayar bara. Ranar da za ta nemi rance ko tallafi, tana da abin nunawa a rubuce. Hotunan da suka watse a cikin WhatsApp ba sa zama hujja.

Inda gizo ke saƙar

Kada wani ya karanta wannan ya ruga ya ce a yi masa. Akwai tsada, kuma gara a faɗe ta tun yanzu.

Rumbu marar kai ba ya nuna komai da kansa. Dole sai an sami wanda ya iya gina fuskar, kuma duk ranar da kake son sabon abu a fuskar, sai ka koma wurinsa. A WordPress mutum mai ɗan wayo yana iya zaɓen ado ya canza da kansa. A nan abu biyu kake kiwo, rumbu da fuska, kowane da kuɗin kulawarsa. Manyan kamfanonin da ke ba da hayar irin wannan rumbu, kamar Contentful na Jamus da Sanity na Norway, suna da matakin kyauta mai iyaka, amma da ka wuce shi biya ne da kuɗin waje ta katin banki, abin da yawancinmu ba mu da shi. Akwai waɗanda ake saukewa a ɗora a kwamfutar da mutum ya yi haya da kansa, kamar Strapi da wasu matasan Faransa suka ƙirƙiro, da Directus. Manhajar ba sai ka saya ba, amma hayar wurin da mai kula da shi duk kuɗi ne. Shi kansa WordPress tun ƙarshen 2016 yana da tagar API a jikinsa, saboda haka wanda ya riga ya mallake shi ba sai ya rushe ba, ana iya mai da shi rumbu a gina masa wasu fuskokin.

Sannan kada wani ya yi maka alkawarin cewa komai zai riƙa shiga WhatsApp da kansa kyauta. Haɗa rumbu da WhatsApp kai tsaye hanya ce ta kamfanin Meta, da sharuɗɗanta da kuɗinta. Abin da ya fi sauƙi shi ne na'ura ta haɗa maka hoton farashin yau, kai kuma ka ɗora shi da hannunka. Minti ɗaya ne, kuma ka tabbata lissafin daidai yake da na sauran wurare.

Babbar matsalar ma ba ta na'ura ba ce. Rumbu ɗaya yana nufin kuskure ɗaya ya bazu ko'ina. In yaro ya ƙara sifiri a farashin buhu, shafi da SMS da takardar rediyo duk za su ɗauka. In kuma ba wanda aka ɗora wa alhakin sabuntawa, to an gina rumbu ne an bar wa gara. Dole a san wane ne ke rubutawa, wane ne ke dubawa kafin a saki.

Wani zai ce: "Malam, mu cinikinmu na taya ne da albarka, ba a rubuta farashi. In na bayyana, maƙwabcina zai gani ya karya." Gaskiya ne, kuma ba dole ne a nuna komai ba. Amfanin gurbi-gurbi ke nan. Farashin sari ya zauna a ɓoye, sai abokan cinikin da ka ba izini suke gani. Jama'a su ga kaya da hoto da lambar waya, ko su ga farashin da ake fara taya daga gare shi. Dillali ma ba wanda ya kore shi. Mai saye daga Kano ba zai turo kuɗin rake mota guda don ya ga hoto ba, sai ya sami wanda zai tsaya masa. Amana har gobe a hannun mutane take. Abin da rumbu ke yi shi ne ya hana gardamar "ba haka ka ce ba".

To wa ya dace da shi?

Mai teburi, mai shayi, mai ɗinki ɗaya da kekensa, wallahi ba ka bukatar wannan. WhatsApp Business ya ishe ka, tun 2019 yana da wurin jera kaya da farashi, kuma kyauta ne. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da zan roƙe ka kawai shi ne ka sami littafi ko jadawali a waya inda ka rubuta kayanka da lambobin masu sayenka, ka ajiye kwafinsa a wani wuri da ba wayar nan ba. Wannan ma rumbu ne, ƙarami.

Waɗanda abin ya dace da su su ne masu kaya da yawa da ƙofofi da yawa: ƙungiyoyin masu rake da kayan lambu, ƙungiyoyin mata masu man gyaɗa, manyan 'yan sari, masu sayar da taki da iri, masu motocin haya da ke da jadawalin tashi, makarantu masu zaman kansu. Kuma ni a ganina kuskure ne kowa ya gina nasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar 'yan kasuwa tana iya gina rumbu guda, kowane memba da ɗakinsa da makullinsa, a raba kuɗin haya da na mai kulawa. Abin da zai yi wa mutum ɗaya nauyi, in aka raba wa hamsin bai wuce abin da ake zubawa a adashi ba. Ku tuna da 'yan uwanmu da ke Agadas da Aljeriya da Libiya, masu turo kuɗi ta NITA ko Amana a sayi buhun gero ko ragon layya a kai gida. Su ne masu sayen da suka fi kowa bukatar ganin farashin gaskiya na yau, don daga nesa suke ciniki, kuma su aka fi cuta.

Kafin a sa hannu

In saurayi ya zo da tayin gina muku shafi, ku karɓe shi da mutunci, ɗanmu ne, sana'a yake nema. Amma ku yi masa tambayoyin nan a gaban shaidu, a kuma rubuta amsar.

Da sunan wa za a yi rajistar adireshin shafin da wurin ajiyar? Amsar da za a karɓa ɗaya ce: da sunan ƙungiya ko mai kasuwancin, da lambar wayarsa.

In muka rabu da kai gobe, za mu iya kwashe bayananmu duka a fayil ɗaya mu ba wani ya ci gaba? Ya nuna muku yadda ake yi, ku gani da idonku.

Wa zai riƙa canza farashi? In amsar ita ce "ku kira ni", to ba a yi komai ba. Sakataren ƙungiya ya kamata ya iya yi daga wayarsa.

Nawa za mu riƙa biya kowace shekara bayan kuɗin gini, kuma da wane irin kuɗi? A faɗa da jaka-jaka, a rubuta.

A ƙarshe ku ce ya buɗe muku irin aikinsa a ƙaramar waya, a bayan gari inda rezo ba shi da ƙarfi. A nan ake gane gwani, ba a ofis mai waifai ba.

Ku kuma samari, musamman waɗanda suka fito daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram da makarantun koyon kwamfuta, ga shawara. Gina shafi mai walƙiya a karɓi kuɗi a ɓace, cin rana ɗaya ne. Wanda ya zauna da ƙungiya ya tsara mata bayananta, ya koya wa sakatarenta, ya zama shi ke kula da rumbun wata-wata, shi ne ya sami sana'a mai ɗorewa, kuma yana zaune a garinsu. Ku fara da abin da ke akwai: jadawali mai tsabta, hotuna masu kyau, muryar masu kayan. Fuska tana iya jira.

Shugabannin ƙungiyoyi, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a jira sai an sace shafi ko an sake rufe wata ƙofa sannan a fara neman hotuna a wayoyin mutane. A taro na gaba a sa wannan magana cikin ajanda, a naɗa mutum biyu su tattara sunayen kaya da ma'auni da farashi a wuri ɗaya, ko da a littafi ne. Daga nan ake farawa.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare mu da asara, ya ba mu damina mai albarka. Wanda ya san shugaban wata ƙungiya da ba ya karatu, don Allah ya karanta masa.